Haƙoran da ke Tsakanin Ƙafafun Mota

Yara, kun taɓa leƙa ƙarƙashin a-kori-kura a tashar Banyo? Tsakanin ƙafafunta na baya akwai wani ƙarfe mai kama da tulu. Da Faransanci ana ce masa pont. A cikinsa akwai faifai biyu masu haƙora, ƙarami da babba. Ƙarfin inji yana bin wani dogon ƙarfe ya juya ƙaramin. Ƙaramin ya juya babban, babban kuma ya juya tayoyi.

To, mu yi lissafi. In ƙaramin yana da haƙora 10, babban yana da 40, sai ƙaramin ya juya sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya. In kuwa haƙoran ƙaramin 8 ne, sai ya juya sau 5.

Mota mai sau 5 ta fi ƙarfin ja. Ko an labta mata buhunan masara, za ta hau tuddan Mayo-Darle, ko da damina ne. Amma a miƙaƙƙiyar hanya, kamar daga Garwa zuwa Marwa, sai injinta ya yi ta ƙugi yana shan mai, kuɗin direba suna ƙonewa.

Mai sau 4 ta fi gudu a wannan hanya, ba ta kuma shan mai sosai. Sai dai in ta tarar da tudu da kaya niƙi-niƙi, dole direba ya koma giya ta ɗaya, motar tana nishi.

In kai ne mai jigilar masara daga Bankim zuwa Banyo, wacce za ka saya?