Funfunar gyaɗa da masara: Gubar da ke bin amfanin gona daga Mubi zuwa kasuwa

Da zarar damina ta ja baya a watan Oktoba, manoman Mubi da na maƙwabtanta irin su Maiha, Hong da Michika sukan duƙufa wajen cirar gyaɗa da karyar masara. Daga nan amfanin yakan shiga kasuwar Mubi, inda fatake ke lodinsa zuwa wasu jihohi, wani kuma ya tsallaka iyakar Kamaru. A 'yan makonnin da ke tsakanin girbi da zubawa a rumbu ne ake yanke hukuncin ko wannan amfani zai zama abinci mai gina jiki, ko kuwa zai ɗauki gubar da ido ba ya gani.

Tushen matsalar wata funfuna ce da masana ke kira Aspergillus flavus, wadda ke zaune a cikin ƙasar noma. Idan ta samu shiga ƙwayar gyaɗa ko ta masara, takan fitar da guba mai suna afulatoksin. Duniya ta farga da ita ne a shekarar 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil.

Yadda take shiga

Kamuwar takan fara tun amfani yana gona. Idan ruwa ya ɗauke ana dab da nunar gyaɗa, ƙasa ta yi zafi ta bushe, shukar takan raunana, funfunar kuma ta samu ƙofa. Gara da tsutsa da ke huda kwanso ko zangarniya suna ƙara buɗe mata hanya, haka ma fartanyar da ta sari gyaɗa wajen cira.

Mataki na biyu shi ne bayan girbi. Gyaɗar da aka tara tsibi da danshinta, ko masarar da aka shanya a kan ƙasa ruwan ƙarshen damina ya doke ta, ko buhun da aka jingina da bango mai laima, duk wurare ne da funfunar ke yaɗuwa cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma ɗabi'ar yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi saukin ɓarewa ko ta ƙara nauyi, wadda ke mayar da busasshen amfani cikin haɗari.

Illarta ga lafiya

Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya afulatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, musamman dajin hanta. Haɗarin yakan ninka ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Bincike ya kuma danganta yawan cin ta da tsumburewar yara. Idan gubar ta yi yawa a lokaci guda, kisa take yi: a shekarar 2004 mutum 125 sun rasu a gabashin Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani shi ne, dafuwa ko suya ba sa kashe gubar. Gyaɗar da ta kamu, ko an niƙa ta an dama kunun gyaɗa, ko an matse mai an toya ƙuliƙuli, gubar tana nan. Ƙwaya tana iya yin kyau a ido alhali tana ɗauke da ita. Zuba wa dabbobi abin da aka tsince ma ba mafita ba ne, domin saniyar da ta ci gurɓataccen abinci takan fitar da wani nau'in gubar a nononta. Wannan abin lura ne ga gari kamar Mubi da ya yi suna wajen cinikin shanu.

Busassun tsirran magani ma ba su tsira ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda doka ta halatta sayar da tabar wiwi, dole ne a gwada ta a tabbatar babu wannan funfuna kafin ta shiga kasuwa, saboda shaƙar ta na iya jawo ciwon huhu ga masu raunin garkuwar jiki. A Najeriya noman wiwi laifi ne, amma darasin ya shafi citta, zoɓo da sassaƙen da ake adanawa domin magani.

Asarar kasuwa

Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubarta ta wuce maikirogiram 4 a kilo ɗaya, Amurka kuma ta tsayar da iyakarta a kan 20. Kamfanonin abincin kaji da na sarrafa abinci a cikin gida ma da yawansu suna gwada kaya kafin su saya. Buhun da ya faɗi gwaji yakan koma kasuwar ƙauye a farashi mai rahusa, ya ƙare a tukunyar mai ƙaramin ƙarfi.

Hanyoyin kariya

Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista a shekarar 2014. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da nau'o'in funfunar da ba sa fitar da guba, waɗanda aka samo daga ƙasar Najeriya. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya fara fure, sai marasa gubar su mamaye gonar su hana masu gubar wurin zama. Gwaje-gwajen cibiyar sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye.

Shuka iri mai saurin nuna, kamar SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, yana taimaka wa gyaɗa ta nuna kafin ruwa ya ɗauke. Sauran matakan kuwa ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. A yi girbi da zarar amfani ya nuna. A shanya a kan tamfol ko dandamali, a rufe idan hadari ya taso ko raɓa za ta sauka. A bar masara ta bushe har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari, gyaɗar da aka ɓare kuma zuwa kashi 7 ko 8. A tsince ƙwayoyin da suka yamutse, suka fashe ko suka sauya launi, a binne su ko a ƙone su. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da iska ke shiga.

Tsintar gyaɗa aiki ne mai cin lokaci, kuma yana rage auki. Matuƙar fatake da dillalai suna biyan kuɗi ɗaya ga tsintacciya da wadda ba a tsince ba, manomi ba zai ga dalilin wahalar ba. Saboda haka gyaran yana wuyan mai saye kamar yadda yake wuyan mai noma.