Muhawarar Halatta Tabar Wiwi da Abin da Ta Shafi Karaye da Rogo

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne masu shekara 15 zuwa 64 suke shan ƙwaya a Nijeriya, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi suke sha. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta masu shaye-shaye sun haura miliyan ɗaya, kuma abin bai tsaya a unguwannin birni ba, domin ya kai ƙananan hukumomi na noma irin su Karaye da Rogo, waɗanda suke da mazaɓar tarayya guda, kuma tun 2024 suke ƙarƙashin masarautar Karaye mai daraja ta biyu. Saboda haka duk lokacin da aka tayar da maganar halatta wiwi a Abuja, akwai ruwan manomin fadamar Challawa da mai rake a Rogo, ko da ba a tambaye su ba.

Haramcin wiwi a dokar ƙasa ya daɗe. Turawan mulkin mallaka sun sa ta cikin dokar magunguna masu haɗari ta 1935, sannan gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa doka ta musamman a 1966 wadda ta tanadi hukunci har na kisa ga mai noma ta, kafin a sassauta a 1975. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya yake shugabanta tun Janairun 2021. Duk wannan tsanani bai hana shuka ta ba, musamman a dazuzzukan Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti, inda damina take da tsawo, kuma daga can ake loda ta a buhuna a biyo manyan hanyoyi zuwa Arewa. Wannan yana da muhimmanci ga mai son fahimtar rigimar, domin yammacin Kano kasuwar wiwi ne fiye da gonarta: kuɗin yana tafiya kudu da aljihun dillalai, ɓarnar kuma tana zama a gida.

Ba abin mamaki ba ne, ke nan, da muryar da ta fi ƙarfi wajen neman halattawa ta fito daga Ondo. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu ya je Tailan a 2019 don ganin yadda ake sarrafa ganyen, ya dawo yana kira da a ba da izinin noma shi domin magani da masana'antu, a kan hujjar cewa jiharsa tana noman sa ko an so ko an ƙi, gara gwamnati ta sa ido ta karɓi haraji matasa su sami aiki. A Maris 2023 ƙudurin da 'yan majalisa Benjamin Kalu da Olumide Osoba da Miriam Onuoha suka ɗauki nauyi ya zo gaban Majalisar Wakilai, aka yi zazzafar muhawara, aka jingine shi. Marwa kuwa ya sha bayyana cewa ƙasar da take da masu shan wiwi sama da miliyan goma ba ta da dalilin buɗe wata ƙofa.

Hujjar magani tana da tushe, amma ba ta kai faɗin da ake ba ta ba. A cikin ganyen akwai sinadarai da yawa, biyu ne suka fi shahara: THC, wanda shi ne yake bugarwa yana sauya tunani, da CBD, wanda ba ya sa maye. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex da aka tace daga CBD domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani, kuma akwai wasu da ake ba masu ciwon daji don rage amai. A Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Sai dai maganin da likita yake aunawa a asibiti daban ne da ƙullin da ake sayarwa a bayan tasha, wanda ba a san ƙarfinsa ba, ba a kuma san abin da aka gauraya masa ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 2019 ya gano cewa mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfin THC ce haɗarin yana kusantar ninki biyar. Wanda ya fara tun yana ɗan samari shi ya fi saurin zama ba ya iya rabuwa da ita, kuma irin waɗannan samari su ne ƙarfin gona a Karaye da Rogo.

Hujjar arziki ita ma tana buƙatar a auna ta da abin da ya faru a ƙasashen Afirka da suka riga suka gwada. Lesoto ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani a 2017, amma tsadar lasisin da sharuɗɗan fitarwa waje suka bar harkar a hannun manyan kamfanoni, ƙananan manoma suka ci gaba da nomansu a ɓoye. Gana ta ba da dama a dokarta ta 2020, ta sake tabbatar da ita a 2023, amma ga nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, wato wanda ba ya bugarwa, ana son sa ne don zare da mai da magani. Maroko ta yi dokarta a 2021, ta taƙaita noman ga larduna uku na tsaunukan Rif da suka gaji sana'ar. Idan Nijeriya ta bi wannan hanya, lasisin zai tafi inda gonakin suke da inda jari yake. Manomin da yake ban-ruwa daga madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, matsalarsa tsadar taki ce da man injin ban-ruwa da tumatirin da yake ruɓewa kafin ya kai kasuwa, kuma halatta wiwi ba zai warware masa ko ɗaya ba. Tailan ma, wadda aka je koyi da ita, ta saki ganyen a 2022, shaguna suka cika gari, ta dawo a 2025 ta ce sai da takardar likita.

Ta fuskar addini, a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 babu saɓani a kan haramcin abin da yake gusar da hankali. Inda malaman da suka gabata suka saɓa shi ne a kan hukunci. Ibn Taimiyya ya sa wiwi cikin hukuncin giya, mai shan ta a yi masa haddi, wato hukuncin da shari'a ta ƙayyade adadinsa, yayin da Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya lissafa ta cikin masu ɓata hankali ba masu sa maye irin na giya ba, saboda haka hukuncinta ta'aziri ne, wato horon da alƙali yake aunawa gwargwadon hali da maslaha. Wannan ra'ayi na mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa yana buɗe wata ƙofa da muhawarar Abuja ba ta cika kula da ita ba.

Ƙofar ita ce bambanci tsakanin halatta sayarwa da kuma daina ɗaure mai sha. Ana iya barin noma da fatauci a matsayin manyan laifuka, amma a ɗauki yaron da aka kama da ƙulli ɗaya a matsayin mai buƙatar magani da tarbiyya. Abin da yake faruwa yanzu yana da ban takaici: saurayi ya shiga gidan gyaran hali saboda wiwi, ya cuɗanya da manyan masu laifi, ya fito da tabon da zai hana shi aiki da aure, babban dilan da ya kawo kayan kuwa sau da yawa ba a ko san sunansa ba. Binciken hukumar ƙididdiga na 2019 ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda shan ya fi yi wa illa sun so magani ba su samu ba. Wannan giɓi ne ya tura iyaye zuwa gidajen mari, waɗanda aka bankaɗo azabar da ke cikinsu a Kaduna da Katsina da Kano a ƙarshen 2019. Hana kodin a Mayu 2018 shi ma ya nuna cewa rufe ƙofa guda ba tare da magani ba yakan mayar da mashayi ga taramol ko sholisho.

Cibiyar gyaran tarbiyya ta Ƙiru tana maƙwabtaka da Karaye, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau kuma yana kusa da birni, amma wurare biyu ba za su ɗauki nauyin jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba. Halatta cinikin wiwi ba shi da wata fa'ida ga Karaye da Rogo, kuma daidai ne wakilansu su ƙi shi. Amma wajibi ne su haɗa ƙin da neman gyara dokar da take ɗaure mashayi, da kafa sashen kula da masu shaye-shaye a manyan asibitocin garuruwan biyu, inda uba zai kai ɗansa ba tare da tsoron za a miƙa shi ga 'yan sanda ba, masarauta da limaman Juma'a kuma su shige gaba wajen sanar da jama'a.