Kafar Tashi: Abubuwan da Ke Ƙayyade Lokacin Harba Roka

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan ji labarin an ɗage harba wani kumbo da kwana uku, ko ma da shekara biyu, saboda matsalar da a ganin mai sauraro ba ta taka kara ta karya ba. Ɗalibanmu kan tambaya: me zai hana a dakata awa guda a tashi, kamar yadda jirgin sama kan yi? Manufar wannan takarda ita ce amsa wannan tambaya. Za mu nuna cewa juyawar ƙasa da tafiyar abin da aka nufa su ke yanke lokacin, masu harbi kuwa bi kawai suke yi. Ɗan tsakanin da harbi ke yiwuwa a cikinsa za mu kira shi "kafar tashi", domin kalmar kafa ta haɗa ma'anar 'yar ƙofa da ta dama.

2.0 Gudu da alƙibla

Kumbo ba ya zama a falaki sai yana gudu a kwance da saurin kusan kilomita 7.8 a sakan, watau kimanin kilomita 28,000 a awa. A wannan sauri kullum faɗowa yake yi, amma doron ƙasa yana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, don haka ba ya isowa. Samun wannan gudu shi ke sa kusan kashi tara cikin goma na nauyin roka ya zama mai, kuma duk abin da zai rage shan mai ana nemansa ruwa a jallo.

Ƙasa tana juyawa gabas, a kan layin ikwaita da saurin mita 465 a sakan. Wanda ya harba gabas ya sami wannan gudu kyauta. Shi ya sa Turawa suka kafa tasharsu a Kuru, cikin Giyana ta Faransa, digiri 5 arewa da ikwaita, ga kuma teku a gabas inda sassan da suka ƙare aiki za su faɗa. Isra'ila kuwa tun 1988 yamma take harbawa, bisa Bahar Rum, ta haƙura da asarar don kada tarkace ya faɗa wa maƙwabta. Nijeriya ma tana kusa da ikwaita, sai dai gabar tekunta kudu take kallo, gabas kuwa Kamaru ce.

3.0 Cim ma tashar da ke falaki

A nan ne kafa ta fi ƙunci. Mu ɗauki falakin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa kamar wani faifai da ya ratsa tsakiyar duniya, a karkace da digiri 51.6. Tashar tana zagaya bakin faifan a nisan kamar kilomita 400, kowane zagaye cikin minti 90 da 'yan kai. Ita kuwa duniya tana juyawa a cikinsa, tana ɗauke da wurin harbi. Sai lokacin da wurin harbi ya shigo daidai ƙarƙashin faifan za a tashi, domin sauya faifai bayan an hau yana cin man da roka ba ta da shi. Daga Filorida hakan kan faru sau biyu a yini, amma ɗaya kaɗai ake amfani da shi, wanda ya nufi arewa maso gabas.

Har ila yau faifan kansa yana gusawa yamma da kusan digiri 5 kullum, saboda kumburin duniya a ikwaita. Wannan ya kai minti 20. Idan aka haɗa da minti 4 da juyawar ƙasa ke gaza awa 24, sai kafa ta riƙa zuwa da wuri da kusan minti 24 kowace rana. Alal misali, ranar 27 ga Mayu 2020 aka shirya rokar Falcon 9 za ta ɗauki 'yan sama-jannati biyu da ƙarfe 4:33 na yamma, agogon Filorida. Hadari ya hana, aka fasa saura minti 17. Ranar 30 ga wata suka tashi da ƙarfe 3:22. Bambancin minti 71 ne a kwana uku, ya yi daidai da lissafinmu. Wannan misali ya isa malami ya shiga aji da shi.

4.0 Wata da Mars

Maharbi ba ya auna inda tsuntsu yake, sai inda zai kai. A 1925 Walter Hohmann, Bajamushe, ya nuna hanyar da ta fi ƙarancin shan mai tsakanin falaki biyu. Kafin a bi ta zuwa Mars dole duniyoyin biyu su tsaya a wani yanayi da ke dawowa sau ɗaya a kwana 780, kusan wata 26. Shi ya sa a Yulin 2020 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sin da Amurka suka harba kumbunansu cikin kwana 12, duka suka isa a Fabrairun 2021. Kumbon InSight kuwa ya rasa kafar Maris 2016 saboda yoyo a na'urarsa ta auna girgiza, ya zauna har Mayun 2018.

Na wata dalilinsa haske ne. Masu Apollo 11 suna bukatar rana ta ɗan ɗago a wurin sauka, tsakanin digiri 5 da 14, don inuwa ta bayyana ramuka da duwatsu. Suka tashi 16 ga Yuli 1969, suka sauka ranar 20, wata yana da kwana shida.

5.0 Ƙidayar baya

Ƙidayar da ake ji daga goma zuwa sifiri wutsiyar aiki ce kawai, domin kwanaki ake yi ana bin jerin gwaje-gwaje. Akan saka dakatawa a ciki da gangan, don a sami sararin gyara ba tare da an rasa kafa ba. Sa'an nan a ɗura mai. Ruwan oksijin yana tafasa a digiri 183 ƙasa da sifiri, ba ya jira. Jami'i mai kula da kowane sashe zai ce a tafi ko a tsaya, kuma "a tsaya" guda ɗaya ta isa.

A ganinmu nan ne haɗari yake, domin sanin cewa kafa za ta rufe yana sa kunnen shugabanni nauyi. An harba Apollo 12 cikin ruwan sama ranar 14 ga Nuwamba 1969, tsawa ta faɗa masa sau biyu kafin cikar minti guda, Allah ya kiyaye. Na Challenger ya fi muni, kuma a nan matsin jadawalin hukuma ne ya yi aiki, bayan an sha ɗage tafiyar. Daren jajibiri injiniyoyi suka yi gargaɗi cewa sanyi zai sandarar da zoben roba da ke toshe mahaɗar rokokin gefe, suka nemi kada a tashi ƙasa da digiri 12. Aka tashi ranar 28 ga Janairu 1986, awon yana wajen digiri 2. Bayan sakan 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai, ba a sake harba irinsa ba sai Satumban 1988.