Lissafin Canji: Sefa, Riyal da Naira

Ɗan kasuwar Tsafe da ke sayen raguna a hannun mutanen Maraɗi da maniyyacin Bunguɗu da ke haɗa guzuri, lissafi ɗaya ne ya haɗa su. Wanda bai iya shi ba yakan yi asara, ko da ɗan canjin mai gaskiya ne.

Ka fara sanin farashin ma'auni ɗaya, sannan ka ninka. A harkar sefa, ma'aunin shi ne jaka, wato sefa 1,000. A ce yau a Gusau jaka ɗaya naira 2,500 ce. Ciniki ya faɗa a kan rago sefa 80,000, jaka 80 ke nan. 80 sau 2,500, naira 200,000. In kuma naira ce a hannunka, rabawa za ka yi: naira 150,000 a raba da 2,500, ka samu jaka 60. Komai yawan kuɗin, lissafin bai sauyawa, kamar yadda farashin mudu ke gaya maka na buhu.

Inda sabon shiga ke ruɗewa shi ne ƙirgar mutanen Nijar. Su da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, ba ta Amurka ba. In mai rago ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, jaka kuma dala 200 ce. Shi ya sa nake ganin ya fi a rubuta adadin a waya, kowa ya gani da idonsa, kafin a ce an sallama.

Ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa. In ya sayi jaka a 2,450 ya sayar a 2,500, a jaka 80 ribarsa naira 4,000 ce. Halalinsa ne, amma ka tambaye shi wanne ya ba ka.

Maniyyaci nasa ya fi sauƙi. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dalar Amurka, dala ɗaya riyal 3.75. Guzurin dala 500 riyal 1,875 ne. In dala tana naira 1,500, raba da 3.75, riyal ɗaya naira 400. Wanda ya ce maka 450, ka san naira 50 ya ɗora a kowane riyal. Sefa ma a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957.

Naira ce ba ta da irin wannan ɗauri. Tun watan Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke mata farashi, na jiya ba lallai ya kai yau ba. Kafin ka fita kasuwa, tambayi 'yan canji biyu ko uku farashin safiyar nan, ka yi lissafinka da shi.