Kare da Fasfo

 Yau shirinmu na musamman yana cikin birnin Zazzau, kuma tambayar da muka zo da ita na san za ta ba wasu dariya: in tafiya ƙasar waje ta kama ka, kana da ɗan kare, da shi za ka tafi ko a gida za ka bar shi?

Na ce dariya, domin in ka zaga lungunan birni, daga Ƙofar Doka zuwa Kwarbai har Ƙofar Gayan, da wuya ka ga kare a kan kujerar falo. Karenmu na gadi ne ko na farauta. Wurinsa bayan gida, kwanonsa daban, abincinsa ƙanzo da ragowar tuwon jiya. Amma zamani ya kawo wasu 'yan ƙananan karnuka masu gashi buzu-buzu, kuma 'ya'yanmu na ta fita karatu waje.

Wani ɗan unguwarmu da ya samu gurbin karatu a Ingila ya shiga wannan tsaka mai wuya. Saura makonni uku ya tashi, sai ya tsaya a zaure yana shafa kan kwikwiyonsa, ya ce wa mahaifinsa, "Baba, da shi zan tafi." Tsohon ya ajiye carbi ya dube shi. "Shi ma an ba shi gurbin karatun ne?"

To, ko da Baba ya amince, lokaci ya riga ya ƙure. Kafin kare daga Najeriya ya shiga Ingila, sai an cusa masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, ita ce shaidarsa. Sai allurar rigakafin ciwon haukan kare. A jira kwana 30, a ɗebi jininsa a kai ɗakin gwajin da suka amince da shi. In sakamako ya yi kyau, a ƙara jiran wata 3. Lissafa da kanka: wata huɗu ke nan, ba a ma zo maganar takardar hukumar killace dabbobi da tsirrai ta Najeriya (NAQS) da kuɗin jirgi ba. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, ana iya killace masa kare har wata 4, kuma shi zai biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amurka ma ba sauƙi. A Yulin 2021 ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashen da ciwon haukan kare ya yi yawa, har da Najeriya. Tun 1 ga Agustan 2024 kuwa, dole kare ya kai wata 6 da haihuwa kafin ya taka ƙasar.

Ni dai a ganina, a bar shi a gida. Sai dai nan ne muka fi yin sakaci. "Ai yara za su duba shi," in ji mai tafiya. Mako biyu, sai ka tarar da kwanon ruwa ya bushe ƙayau, karen na ɗaure da igiya a rana, yana haki. Mun dai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wannan bai tsaya kan kyanwa kaɗai ba.

Saboda haka, mai sauraro, in tafiya ta taso, ko karatu ne ko aikin Hajji, ka damƙa dabbarka a hannun mutum ɗaya takamaimai, ka bar masa kuɗin abinci. Ka kuma kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a yi mata rigakafi kafin ka ɗauki jaka.