Ramin Yashi Ba Juji Ba Ne: Jan Kunne Ga Mutanen Zangon Lome

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a Zangon Lome da unguwannin da ke kewaye da shi, kuma shirun da ake yi a kanta ya isa haka. Duk inda aka haƙa rami aka kwashe yashi ko tsakuwa, to an samu juji. Masu kwasar shara su juye tasu, a watsa ruwan wanke-wanke, a jefa mushen kaza, matattun batura, ƙunzugun jarirai da baƙin mai na injin babur. Bayan 'yan shekaru ramin ya cika, a kawo tifa biyu ta jar ƙasa a lulluɓe, a kira dillali a ce fili ne na sayarwa. Wani bawan Allah ya saya da guminsa, ya yi gini, ya haƙa rijiya a tsakar gida, ga salga nan taku biyar daga bakinta. Da ruwan zai yi alwala, da shi za a dama wa yaro koko.

Mun san ƙasar da muke zaune a kai. Tun 1977 da hukuma ta rushe tsohon Zango na tsakiyar gari ta maido jama'a nan arewa, wajen Togblekope, muke maƙwabtaka da kwarin kogin Ziyo. Wanda ya ga ambaliyar 2008 ba sai an ba shi labari ba. A irin wannan wuri ruwan ƙasa ba shi da nisa, da damina kuwa har tasowa yake yi. Ga shi tun da gwamnati ta hana ɗibar yashin bakin teku a 2011, masu haƙa suka ƙara matsa wa ƙasar tudu. Ramin da aka bari buɗe kai tsaye yake kaiwa ga ruwan da rijiyoyinmu ke sha, domin an riga an kwashe ƙasar saman da ke tace ƙazanta.

A wasu ƙasashe ba a barin irin wannan rami haka. A jihar Kolorado ta Amurka, idan aka gama kwashe tsakuwa a gefen kogi, sai a haƙa siririn kwari mai zurfi a kewaye ramin har a tarar da dutse ko yumɓun da ruwa ba ya ratsawa, a cika shi da kwaɓin wani yumɓu mai kumbura da ake kira bentonait, a gauraye da ƙasa ko siminti. Ya zama katanga a ƙarƙashin ƙasa, ramin kuma ya koma ma'ajiyar ruwa. To ko wannan ma yana da illarsa. Ruwan ƙasa tafiya yake yi a hankali, idan katanga ta tare shi sai ya taru ta ɓangaren da yake gangarowa har ya jiƙa harsashin gidaje, ta ɗaya ɓangaren kuma rijiyoyi su ja baya. Shi ya sa suke haƙa ƙananan rijiyoyin awo, suna kuma yi wa ruwan hanyar wucewa. Injiniyoyi ke nan da kuɗi da na'ura suna taka-tsantsan. Mu kuwa da jar ƙasa da "Allah ya kiyaye" muke son mu tsira.

Sai ka ji mutum yana cewa ai ruwan rijiyarsa garau yake, ya kuma sa mata kawanyar siminti. Malam, kawanya tana hana rijiya rubzawa ne, ruwan kuwa ta ƙasa yake shigowa. Ƙwayoyin kwalara da na taifot ba su da launi. Tafasawa tana kashe su, amma ba ta fitar da dalmar batir. Idan kuma ruwan ya fara wari ko ya sauya ɗanɗano, a tuna ruwa ba ya tsami banza.

Abin haushi, ba a rasa inda za a kai sharar ba. Tun 2018 aka buɗe babban wurin binne shara na Akepe, wanda aka shimfiɗe ƙasansa yadda ruwan ruɓa ba zai sauka ba. Kuɗin masu kwasa na wata-wata muke ƙyashi, alhali kwana ɗaya a gadon asibiti ya ninka shi.

Mai shirin sayen fili, kafin ka ba da ko dala, tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da. In tsohon rami ne da aka cike da shara, kada ka haƙa rijiyar sha a ciki, komai arahar filin. Masana sun ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da salga, kuma salgar maƙwabci ma tana cikin lissafi. Inda fili bai kai ba, a bar ruwan rijiya ga wanki, na sha a ɗebo a famfo.

Sarakunan Zango da limamanmu, ku taimaka ku yi maganar nan a masallatai ranar Juma'a, ku kuma je ofishin magajin gari ku nemi a killace ramukan da suka rage tun kafin damina ta sauka.