Ziyarar shugaba: Aikin da ma'aikatan agajin gaggawa ke yi a bayan jami'an tsaro

Duk lokacin da shugaban ƙasa zai ziyarci jihar Damagaram, abin da jama'a ke fara gani shi ne sojoji da jandarmomi da 'yan sanda a kan tituna. Amma a wutsiyar ayarin akwai motar ɗaukar marasa lafiya, a gefen filin taro kuma akwai likitoci da 'yan kwana-kwana da 'yan agajin Croix-Rouge, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba sai wani ya faɗi.

Aikinsu ya kasu kashi biyu. Akwai tawagar da ke kula da shugaban da muƙarrabansa, wadda ke tantance asibitin da za a nufa da hanyar da za a bi tun kafin ya iso. Akwai kuma masu kula da dubban mutanen da ke tsayuwa cikin rana tun da safe, kamar yadda aka gani a bikin Zinder Sabuwa na ranar 18 ga Disamban 2018, wanda Shugaba Mahamadou Issoufou ya halarta. A irin wannan taro, abin da ya fi yawa shi ne suma saboda zafi da ƙishirwa, da hatsarin babura, da turmutsitsi.

Turmutsitsi ya fi komai haɗari. A watan Fabrairun 2020, aƙalla mutum 20, akasarinsu mata da yara, sun rasu a Diffa wajen rabon tallafin da gwamnan Borno, Babagana Zulum, ya kai wa 'yan gudun hijira. A cikin cunkoso mutum na iya rasa numfashi cikin 'yan mintuna, shi ya sa masu agaji ke buƙatar jami'an tsaro su bar musu hanyar fita a buɗe.

Ga mutanen Yekuwa da ƙauyukan gundumomin Magariya da Dungas, lamarin na da wata fuska. Mara lafiyar da ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin karkara sai an kai shi Magariya, idan ya tsananta a wuce da shi babban asibitin ƙasa da ke Zinder. Idan aka janye motar asibiti zuwa filin taro, ko aka rufe hanya na sa'o'i, mai naƙuda da yaron da zazzaɓi ya galabaita ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Yankin kuwa ya san nauyin wannan. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya a 2005, kuma a shekarar 2018 ta ce kimanin yara 10 ke mutuwa kullum a sashen yara na asibitin, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa.

Don haka shirin ziyara bai cika ba sai an bar mota da ma'aikata a asibitin gunduma, an kuma sanar da shingayen tsaro cewa motar asibiti ba ta jiran ayari. Masu zuwa tarbar shugaba kuma su riƙe ruwan sha, su bar ƙananan yara a gida, su lura da inda rumfar likitoci take tun kafin fili ya cika.